Ɗakin Hajaratu Mai Taya Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Malam Gide ya yi yana jan bas tsakanin Ƙanƙara da Funtuwa, har ciwon baya ya zaunar da shi. Da ya ajiye tuƙi bai sayar da motar ba. Tana nan ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, farar bas ce da fentinta ya koma ruwan ƙasa, kuma kowace Juma'a sai ya tada ta ta yi ɗumi, ya zagaya unguwa da ita, ya dawo ya kashe.

Matarsa Hajaratu kuwa shekara biyu ke nan da ta faɗi a tsakar gida tana tankaɗe. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin hagu. Allah ya taimaka magana ta dawo, ƙafar ma ta dawo kaɗan, tana iya jan ta da sanda daga ɗaki zuwa inuwar rumfa. Amma zama a miƙe na tsawon lokaci ya gagare ta, ko asibiti za a kai ta sai an kwantar da ita. Abin da ya fi damun Malam Gide shi ne ta daina neman komai. Mace ce da a da ko gishiri ya yi kaɗan a miya sai unguwa ta ji, yanzu duk abin da aka ba ta sai ta ce an gode.

Wata ranar ƙarshen damina aka yi ruwa da hantsi, ya ɗauke, rana ta fito. Suna zaune a rumfa yana yanke mata farce, sai ta ɗaga kai ta shaƙi iska.

"Malam, yanzu haka Dutsen Maƙera ya yi kore shar."

"Ai kuwa," ya ce, bai ɗago ba.

"In an yi ruwa irin wanga, sai ka ga ruwan na sauka ta jikin dutsen kamar an shanya farin ƙyalle. Ni da Yaya Tabita mukan tsere mu je mu tara kai." Ta sauke kai. "Ko tana nan da rai ma, oho."

A gindin wannan dutsen aka haife ta, can tsakanin Faskari da Sabuwa, a wani ƙauye da ake kira Gidan Maƙera. Mutanensu manoma ne masu bin addinin gargajiya. Mahaifinta ya musulunta tana 'yar shekara goma sha biyu, ya kwashe iyalinsa ya dawo Ƙanƙara. Yayansa kuma ya zauna can, daga baya gidansa suka zama Kirista. Tabita ɗiyar wannan yayan ce, ta girme wa Hajaratu da shekara guda, tabarma ɗaya suka kwanta suna yara. Rabon da su haɗu tun bikin 'yar Hajaratu, Bilki. Da ɓarayin daji suka matsa wa yankin sai aka ji ƙauyen ya watse, lambar wayar da ake samun su da ita ta daina shiga. Bara kuma aka ce an yi sulhu a wancan gefen, wasu sun koma gonakinsu. Iyakar labarin da ke akwai ke nan.

Malam Gide ya gama yanke farcen, ya tattara ya zubar. A shekara biyu wannan ne karon farko da ya ji ta ambaci wani abu da marmari a muryarta, kuma maganar ta ƙi barin kansa.

Kwana uku bayan haka ya tada bas ɗin ba ranar Juma'a ba, ya kai ta wurin Uwais mai walda a bakin tasha.

"Kujerun baya nika so ka cire man duka," ya ce.

"Baba, kaya za ka koma ɗauka?"

"Gado za ka sa man."

Uwais ya cire tabaran waldarsa ya dube shi da kyau. Da ya ga ba wasa yake ba, sai ya ɗauko awo. Sati biyu suka yi suna aikin. Aka ƙera gadon ƙarfe aka ɗaure shi da ƙasan motar, daidai tsayin taga yadda mai kwance zai ga waje ba sai ya tashi ba. Aka sa masa kariya a gefe saboda gargada. Uwais ya ƙera matakala mai hawa biyu da ake ninkewa, da wani ɗan akwati da zai riƙe tukunyar gas kada ta yi yawo. A saman motar suka ɗaura faifan sola guda, wanda zai ja fanka ya kuma yi cajin waya. Malam Gide da kansa ya kai wa tela atamfa aka ɗinka labule, ya sayo jarkoki biyu na ruwa, da bokiti mai murfi, da kujerar roba mai hannu. Kafin a gama aikin direbobin tasha sun raɗa wa motar suna: Ɗakin Hajaratu.

Ta bakin mutane labarin ya isa kunnen Bilki, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a Funtuwa. Ba ta tsaya kiran waya ba, ta shigo mota ta zo.

"Baba, don girman Allah," ta ce, ko mayafi ba ta cire ba. "Hanyar Sabuwa? Da Inna a haka? Masu lafiya ma tsoron hanyar suke."

"Na tambaya. Direbobin da ke bin ta kullum na tambaya, ba masu labarin shayi ba. Da rana ana wucewa. La'asar ba za ta same mu bisa hanya ba."

"In jininta ya hau a daji fa? In motar ta lalace?"

"Wagga motar ni na san ta, ita ta san ni."

"Baba, kai ma fa ba yaro ba ne."

Hajaratu tana jin su daga ɗaki. Suka ji ƙarar sandarta, ta fito ta dafa ƙyaure.

"Bilki, zo nan." Bilki ta je ta riƙe ta. "Shekara biyu ina kallon katangar can. Na san kowace tsaga da ke jikinta. Kin yi man magani, Allah shi yi maki albarka, ban mutu ba. To tun da ban mutu ba, ki bar ni in ga wani abu."

Bilki ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago sai ta shiga jero sharuɗɗa. Magani safe da yamma, ba fashi. Ta bar masu na'urar awon jini, ta koya wa mahaifinta yadda ake ɗaura ta har sau uku. Duk garin da suka isa su kira ta. Kada a ba Inna abu mai gishiri ko da sarki ne ya kawo. Sannan ta shiga motar ta kwanta a gadon da kanta, ta jijjiga shi, ta ce a ƙara filo.

Ranar Litinin da safe suka tashi. Maƙwabta suka fito kamar ana rakiyar alhazai. Malam Gide ya taimaka mata ta hau matakala, ya kwantar da ita, ya ɗage labule, ya yi bisimilla ya ba motar wuta.

Tafiyar da a da yake yi cikin awa ɗaya, ranar sai da ya yi mata rabin yini. Ba ya wuce gudun keke da yawa. Dawa ta yi kai a gonaki, gero an fara yanka, ko'ina kore ne da ruwan ɗorawa. Ta madubi yana hango fuskarta manne da taga. A haka suka isa Mabai, inda ya tsaya ya duba taya. Nan take mutane suka kewaye motar suna leƙe. Wani dattijo ya gane shi.

"Ba Malam Gide ba ne? Kai ka kai matata Funtuwa tana naƙuda, shekara ashirin da wani abu, ka sauke fasinja ka juya da mu."

Malam Gide bai tuna ba, amma dattijon ya tuna sarai. Ya aika gida aka kawo ɗanyar masara da gyaɗa sabuwar haƙa, ya rantse sai sun karɓa. Gaba kaɗan da garin, inda hanya ta gangara wani kwari mai rake da ayaba, Hajaratu ta ce a tsaya. Ya faka a inuwar wata ɗorawa, ya fito da kujerar roba ya zaunar da ita, ya kunna gas ya dafa gyaɗar, ya gasa masara biyu. Ta ci guda da rabi. A gida ko rabin ɗaya ba ta gamawa.

A 'Yankara suka kwana, ƙofar gidan wani tsohon abokin tuƙinsa. Matan gidan sun gyara mata ɗaki, ta ce ita fa ta zo da nata. Washegari ta dace da ranar kasuwa. Ya samu wuri ya faka inda za ta ga shige da fice, ta kwanta tana kallon buhunan masara ana sauke su, da shanu, da masu tallar fura. Ta aike shi ya sayo turmin atamfa, ya kawo ta ce ba wannan ba, ya mayar ya kawo wani, ta ce wannan ai na 'yan mata ne. Sai a na uku ta yarda. Yana komawa wurin mai atamfar karo na uku yana dariya shi kaɗai, don ya ga alamar matarsa ta fara dawowa.

Da suka doshi Faskari duwatsu suka fara bayyana, wasu a zube kamar an jibge su, wasu guda ɗaya santal, baƙi, da bishiyoyi a tsagoginsu. A gindin wani ya tsaya don ta sha magani. Ta dubi wani faffaɗan falalen dutse da ke can gefe, ta ce tana son ta taka zuwa wurin. Ya riƙe ta ta hagu, sanda ta dama. Sau biyu suna tsayawa kafin su kai. Ta zauna a kan falalen, ta shafa shi da tafin hannunta mai lafiya.

"Da ɗumi," ta ce. "Na manta dutse na riƙe rana."

Rana ta uku ce mai wuya. Bayan sun bar kwalta suka shiga hanyar ƙasa wadda ruwa ya cinye. A wani shinge 'yan sa-kai suka tsayar da su, suka leƙa, suka gaida Hajaratu da ladabi. Babbansu ya ce Gidan Maƙera da mutane, amma su yi sauri, kuma in sun isa kada su fito sai da safe. Daga nan hanya ta yi tsit. Suka wuce wani ƙauye da babu rufi ko ɗaya a kan ɗakunansa, ciyawa ta fi katanga tsawo, rumbuna a fashe. Suka wuce wani. Malam Gide ya kashe rediyo. Hajaratu ta saki labule, can kuma ta sake ɗage shi.

Dutsen ya riga ya fito gabansu, dogo, kore har wuya, lokacin da suka iso wani rafi. Ruwan bai kai gwiwa ba. Malam Gide ya sauka ya taka shi da ƙafa, ya ji ƙasan da ƙarfi, ya dawo ya sa giya ta ɗaya. Sun kusa fita tayar baya ta samu yashi mai laushi, ta yi juyi biyu, ta nutse. Ya gwada baya, ya gwada gaba, motar sai ƙara zama take. Ya fito ya tattaro duwatsu da rassa yana cusawa, bayansa na sara. Azahar ta wuce. Wayarsa babu sabis ko ɗigo.

Sai ya ji ƙarar babura.

Duk wanda ke zaune a wannan yankin ya san abin da ƙarar babura a daji ke sa wa zuciya. Ya leƙa ta taga.

"Ki kwanta. Ki saki labule. Kome kika ji kada ki yi magana."

Ya rufe ƙofar, ya tsaya a jikinta cikin ruwa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Bai taɓa jin nauyin abin da ya ɗauko ba sai a lokacin. Maganar Bilki ta dawo masa kalma bayan kalma.

Babura biyu suka ɓullo daga cikin dawa. Kowanne da buhu a baya, na gaba kuma da lauje a rataye. Mutum ne kakkaura, zai yi shekara arba'in, da hular saƙa. Ya tsaya nesa kaɗan, shi ma a tsorace, yana kallon farar motar da aka rufe da labule.

"Sannu Baba. Lafiya? Mi ke cikin motar?"

"Iyalina ce, ba ta da lafiya. Gidan Maƙera za mu."

"Wurin wa?"

Kafin ya amsa labule ya motsa. Hajaratu ta ƙura wa mutumin ido ta taga.

"Kai, matso nan," ta ce. "Wannan goshin na gidanmu ne. Ɗan wa kake?"

"Ɗan Tabita ne ni. Ɗanhausa."

"Tana nan?"

"Tana nan, Inna. Yanzu na baro ta tana ɓarar wake."

Malam Gide ya zauna a kan matakalar motar, ruwa na bin sawunsa, ya rufe fuska da hannu biyu yana ta alhamdulillahi. Ɗanhausa ya aika ɗan'uwansa, ba a jima ba sai ga shanun huɗa biyu da igiya da maza shida. Shanu na ja, maza na turawa, Malam Gide na ba ta wuta, motar ta fito da taɓo har gilashi. Haka suka shiga ƙauyen, shanu a gaba, babura a baya.

Gidaje tara ne suka dawo cikin fiye da talatin. Tabita na zaune ƙofar ɗakinta da ƙwarya a cinya, doguwar tsohuwa, ƙaƙƙarfa, hannuwanta kamar na namiji saboda noma. Ta juyo da kai wajen ƙarar motar amma idanunta ba su sauka kan komai ba. Wani farin abu ya rufe ƙwayar idon duka biyu.

Aka sauko da Hajaratu. Ta ja ƙafa har gabanta.

"Yaya."

Ƙwaryar ta faɗi, wake ya watse. Tabita ta miƙe tana laluben iska har ta kama fuskarta, ta shafa goshi, ta shafa kunci, ta taɓa gefen bakin da ya ɗan karkace.

"Hajara? Mi ya same ki?"

"Ke mi ya samu idonki?"

Suka rungume juna suna kuka, can kuma kukan ya koma dariya, don kowacce ta dage ita ce ta fi jin tausayin 'yar'uwarta. Da yamma Tabita ta ba su labari. Shekara huɗu suka yi gudun hijira a Sabuwa, a wani kangon shago. Can mijinta Ɗanlahadi ya rasu, ba harbi ba, ba ciwo mai suna ba, zaman banza ne kawai ya cinye shi. Can kuma idonta ya fara hazo. Da aka ce an koma, ita ta fara ɗaura kaya.

"Dutsen ma ba ni ganin shi yanzu," ta ce. "Sai dai in ji inuwarshi in rana ta juya."

"Gobe za mu hau," in ji Hajaratu.

Malam Gide ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna da masara guda da rabi da turmin atamfa uku, ya rufe.

Da sassafe ya auna jininta, ya ga daidai, ya ba ta magani. Ɗanhausa ya samo gora biyu ya ɗaure a jikin kujerar roba, ya kira maza uku, don a ɗauke ta. Hajaratu ta ce su biyo su da ita dai, sai ta gaji. Ta saƙala hannunta na hagu a wuyan Tabita, Tabita ta riƙe ta a ƙugu.

"Ni na san hanyar da ƙafata," in ji Tabita. "Ke dai ki gaya man in akwai sabon abu."

Haka suka kama hanya. Hajaratu na cewa ga saiwa, ga rami, ɗaga ƙafa, Tabita na ɗauke da rabin nauyinta kamar damin kara. Hanyar ta bi ta cikin gonar gyaɗa, ta shiga tsakanin manyan duwatsu biyu, ta fara hawa. Sun yi tafiya mai ɗan dama kafin numfashin Hajaratu ya fara sama. Ta tsaya, ta dubi abin da ya rage, ta dubi kujerar.

"To, ku zo. Na yi nawa."

Suka ɗauke ta. Tabita ta kama gefen kujerar tana tafiya kusa da ita. Malam Gide na can baya, yana haki, yana dafa gwiwa. Shekarunsa duka yana wuce duwatsu a mota, bai taɓa hawa ko ɗaya ba.

A tsakiyar dutsen akwai wani fili, nan tsohon garin yake, inda kakanninsu suka zauna zamanin yaƙe-yaƙe kafin a sauko ƙasa. Ganuwar dutse ce ta kewaye shi, an jera duwatsun ba laka, wani wurin ta kai kafaɗa, wani wurin ta zube. Ƙofar ƙarama ce, mutum ɗaya take ɗauka, sai da aka sauke kujerar Hajaratu ta shiga da ƙafarta. A ciki ga da'irar ɗakuna, ga gindin rumbuna, ga wata kuka da ta tsiro a tsakiyar abin da Tabita ta ce gidan sarkin dutse ne. A kan wani falale akwai ramukan niƙa fiye da goma a jere, sumul, ruwan sama kwance a cikinsu.

"Na uku daga dama shi ne na kakarmu," in ji Tabita. "Haka aka ce mana."

Hajaratu ta sa aka zaunar da ita kusa da shi, ta tsoma hannu a ruwan ta shafa a fuska.

Daga bakin ganuwar ana ganin ƙasa duka. Kwarin shimfiɗe, rafin da ya riƙe su jiya kamar zare, motar a ƙofar gida kamar ƙwan kaza. Malam Gide ya iso, ya zube a kan dutse, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka ƙasar take," ya ce. "Ni kwalta kawai na sani."

Tabita ta zauna ta fuskanci iska.

"Hajara, duba man. Wajen gabas, Unguwar Gwanki, akwai hayaƙi?"

Hajaratu ta kare ido da hannu. "Akwai. Wuri biyu."

"Sun dawo ke nan. Gidan Barmo fa, bayan kukoki?"

"Babu."

Tabita ta gyaɗa kai. "Can hagu, bakin fadama?"

"Akwai hayaƙi. Har da shanu nika gani, da wani yana yankan gero."

Ɗaya bayan ɗaya ta kira ƙauyuka bakwai. Huɗu da hayaƙi, uku babu. Mazan da suka ɗauko kujerar suka tsaya suna saurare, ko da yake sun san amsar. Da aka gama Tabita ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai ta yi godiya ga Ubangiji da irin addu'arsu, ta ambaci waɗanda suka dawo da waɗanda ba su dawo ba. Malam Gide ya yi alwala da ruwan wani kwarmi, ya shimfiɗa rawaninsa a kan falale ya yi nafila raka'a biyu. Da ya sallame ya daɗe da hannu a sama.

Yana cikin haka wayarsa ta shiga ƙara a aljihu. Ɗanhausa ya yi dariya ya ce ai nan ne kawai ake samun sabis, nan suke hawowa in za su yi kira. Bilki ce. Tun jiya take neman su.

"Baba! Ina kuka shiga? Ina Inna?"

Ya mayar da kiran na bidiyo, ya juya mata wayar. Ta ga mahaifiyarta zaune a kan dutse, sararin sama a bayanta, kallabi ya zame, tana dariya da rabin baki. Bilki sai share ido take. Hajaratu ta karɓi wayar.

"Bar kukan nan, aiki zan ba ki. Ga Yaya Tabita. Dubi idonta."

Aka matso da wayar kusa da fuskar Tabita. Bilki ta sa aka juya ta wajen haske, ta tambaye ta ko tana rarrabe rana da inuwa, ko idon na ciwo. Ta ce tana rarrabewa, kuma ba ya ciwo.

"Inna, wannan kamar yanar ido ce. In ita ce, cire ta ake yi. Aikin ba ya daɗewa. Sai likita ya gani tukuna, amma ku taho da ita."

Tabita ta ja da baya. Ita ba ta taɓa wuce Sabuwa ba, ta ce, kuma ba za a sa mata wuƙa a ido ba, kuma wake bai gama bushewa ba, kuma mota na sa ta amai.

"A kwance za ki," in ji Hajaratu. "Gadon ya ishe mu. Mun kwanta a abin da bai kai shi ba."

Kwana biyu aka yi ana lallashi. Ɗanhausa ne ya gama maganar, ya ce shi zai kula da waken, in kuma ta ƙi to shi zai ɗauke ta a babur, ta zaɓa. Ranar Asabar da hantsi shanu suka raka motar har rafi, ba a ma buƙace su ba. A baya tsofaffin biyu na kwance kai da ƙafa, Tabita sanye da sabuwar atamfa, ta ƙanƙame ƙarfen gadon tana kiran Yesu a kowane rami, Hajaratu na ba ta labarin duk abin da suke wucewa. Malam Gide bai kunna rediyo ba har Funtuwa.

Likita ya duba ya ce yanar ido ce. Aka yi wa idon dama aiki ranar Talata, aka ce na hagu sai bayan wata guda. Washegari da safe Bilki da kanta ta zo cire bandejin. Hajaratu na zaune a kujera gefen gadon, Malam Gide na tsaye bakin ƙofa da hularsa a hannu.

Tabita ta buɗe idon a hankali, ta rufe, ta sake buɗewa. Hawaye ya zubo. Ta dubi taga, ta dubi hannunta, ta juya shi gaba da baya. Sannan ta juyo ta tsaya a kan fuskar da ke kusa da ita, ta daɗe tana kallo.

"Hajara," ta ce. "Ashe haka kika tsufa?"

"Sai an kawo maki madubi za ki yi bayani," in ji Hajaratu.

Dariyar da suka yi sai da wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce a rage murya, akwai marasa lafiya.